An Kunna Fitila

A wayar wata mata da ban taɓa gani ba na fara ganin Yayata tana kuka.

Ina tsaye a layin kemis, na je karɓo mata maganin hawan jini, sai na ji wata murya tana fitowa daga wayar matar da ke gabana. Muryar da ta yi min waƙar barci ce, ko a cikin kasuwa na ji ta zan gane. Na ajiye kunya gefe na leƙa ta kafaɗar matar. Ga Yaya zaune a kujerarta ta falo, ta ɗora hannu biyu a ka, baki a buɗe, hawaye har wuya.

Matar ta ga ina kallo, sai ta matso min da wayar kamar mai raba abin alheri.

"Baba, kin san ta? Tsohuwar nan ce mai jiran mijinta. Wallahi kullum sai ta sa ni kuka. Ni fa na daina kunna talabijin, yamma na yi nan nake zuwa."

Na ce, "Kullum?"

"Kullum! Ai mantawa take yi ya mutu. Sai ɗanta ya zo ya durƙusa ya faɗa mata a hankali. Yaron kirki, Allah Ya ba mu irinsa."

Ban tsaya karɓar maganin ba. Na fito na tari mota.

Abin da matar ta faɗa gaskiya ne, rabinsa. Mijin Yaya, wanda kowa ke kira Baba Tela, ya rasu tun bara, kuma kafin nan kan Yaya ya riga ya fara sakin abubuwa. Ta manta sunan unguwa, ta manta an ci abinci, amma ba ta manta yamma ba. Duk tsawon aurensu, Baba Tela yakan rufe shago ya shigo gida daidai lokacin labarai. Ita kuwa ta riga ta zuba masa shayi a kofinsa mai karyayyen hannu, ta zauna tana fuskantar talabijin. Mai karanta labarai ya yi sallama, ta amsa masa, ta ja mayafi ta rufe kai, wai ai namiji ne.

Bayan rasuwarsa ba ta fasa ba. Ta zuba shayi, ta zauna, ta ce, "Malam bai shigo ba?" Mu ce, "Yana shago, ɗinki ya yi masa yawa." Ta yi ɗan tsaki tana murmushi, ta ce, "Shi da keken nan, sai Allah." Ta kalli labarai tana tara wanda za ta ba shi, har barci ya ɗauke ta. Likita da kansa ya ce a bar ta a haka. Wannan ɗan lokacin shi ne kaɗai abin da ya rage mata a duniya wanda yake nata.

Ni da safe nake zuwa, in yi mata wanka, in canza mata kaya, in koma kafin rana ta yi sanyi. Yamma tana hannun autanta da matarsa, su ke zaune da ita. Na ga an cire talabijin daga bango, na tambaya, Auta ya ce, "Inna, wa yake kallon talabijin yanzu? Komai ya koma waya." A gurbinsa aka kafa wata fitila zagayayyiya kamar tayar keke, a kan ƙafa uku, da wurin maƙala waya a tsakiya. Na ɗauka ta kwalliyar matarsa ce. Na ga idanun Yaya suna kumbura da safe, na je na sayo mata maganin ciwon ido, sokuwa da ni.

Ranar da na baro kemis ɗin nan, na isa gidan ana shirin magariba. Tun daga ƙofa na hango farin haske yana fitowa ta ƙasan labule. Na ji muryar matar Auta ƙasa-ƙasa tana cewa, "Jira, jira, ba su gama shigowa ba. Ja ta da hira."

Na tsaya cire takalmi ina leƙe. An cire wa Yaya ɗankwali mai kyau da na ɗaura mata da safe, an ɗaura mata wani koɗaɗɗe. Tana zaune a kujerarta, kofin shayi a gefe, tana fuskantar inda talabijin yake a da. Ba sai an ce mata ta kalli waya ba. Shekara da shekaru can take kallo, su kuwa suka cire akwatin suka sa idon duniya a wurin.

Auta yana durƙushe a gabanta, ya riƙe mata hannu, ya yi laushi da murya irin wadda ban taɓa ji ya yi mata ba da rana.

"Umma, wa kike jira?"

"Babanku mana. Yau ya yi dare. Ba a kunna labarai ba ne?"

Matar ta ɗaga babban yatsa daga bayan fitila. Kafin in ture labulen ya riga ya faɗa.

"Umma, ki yi haƙuri. Baba ya rasu."

Na halarci mutuwa da yawa a rayuwata. Na san yadda fuskar mace take yi sa'ad da ta fara jin labari, sau ɗaya ake yinta, shi ya sa ake iya rayuwa bayanta. Ita na gani a fuskar Yaya, sabuwa fil. Ta ce, "Yaushe? Da safe fa ya fita lafiya. Wa ke tare da shi? Ya ci abinci?" Sai ta fasa ihu.

Na shiga na tsaya tsakaninta da fitilar, na ce, "Kashe abin nan, don ubanki!"

Suka kashe, amma sai da matar ta ce wa wayar, "'Yan'uwa ku yi haƙuri, mun samu ɗan uzuri, ku ci gaba da turo addu'a."

Na rungume Yaya, na ce wa Auta, "Kai, uwarka ce fa. Nononta ka sha."

Ko a jikinsa. Ya karkaɗe gwiwar wandonsa ya zauna.

"Inna, ki kwantar da hankalinki. Ai ba ta riƙewa. An jima kaɗan ta manta, kamar ba a yi ba. To wa aka cuta?"

"Ita da take ihu a gabanka ba mutum ba ce?"

"Mu gaskiya muke faɗa mata. Ku ne kuke mata ƙarya, kullum yana shago, yana shago. Wanne ya fi zunubi?"

Matar ta karɓe. "Kuma Inna, kin san mutum nawa ke yi wa Baba addu'a kullum ta dalilin shafin nan? Har daga ƙasashen da ba mu san sunansu ba. Muna wayar wa mutane kai a kan ciwon mantuwa. Wata ma ta rubuto ta ce saboda mu ta koma kula da uwarta."

"Da wayar da kai ne, sau ɗaya bai isa ba?"

Auta ya ce, "Maganin da kike karɓowa, daga sama yake faɗowa? Ita ma tana taimakon kanta ne, ba ta sani ba kawai."

Tir. Na dube shi, ga hancin Baba Tela, ga goshinsa, mutumin da ko mage ta kwanta a kan yadin mutane ba ya iya korarta da tsawa. Albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Ashe yadda abin ya fara, wata yamma matar tana ɗaukar kanta tana tallan turare, Yaya ta dame ta da tambaya, ta juya a fusace ta ce, "Ya mutu fa, Umma, ki bar mu mu huta!" Kukan ya shiga cikin ɗaukar. Ta yanke nata bakin, ta saka sauran a shafinta, ta rubuta a taya su addu'a. Turaren da ba ya samun masu kallo, sai ga gari guda ya taru a kan hawaye. Suka raɗa wa abin suna Jiran Tela, suka ba shi lokacin labarai.

Na kira babbar 'yar Yaya, wadda ke aure a nesa. Na zaci za ta tashi hankalin duniya. Sai ta ce, "Inna, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Su ke ɗawainiya da ita, ni ba na nan, da wane baki zan yi magana? Kuma ni ma fa ta nan nake ganin Umma kullum."

Na ce, "Kina kallo ke nan?"

Ta ce, "Ina yin kuka sosai, wallahi."

Kashegari na zo da motar haya zan tafi da Yaya gidana. Auta ya tsaya a bakin ƙofa ya ware hannu, yana ɗaga murya don maƙwabta su ji. "Uwata ce! Ina raye ba mai fitar min da uwa!" Matarsa tana gefe da waya a sama. Maƙwabta suka fito suna ba ni haƙuri, wai ɗanta ne, ya fi ni iko, wai yaron da duniya ta shaida biyayyarsa. Kafin dare ga ni a shafin, ɗankwali a karkace, baki a buɗe, an rubuta a ƙasa: Hassadar dangi. Mutanen da ba su san inda na kwana ba suka yi ta tsine min. Wata jikar maƙwabciyata ta karanto min kaɗan na ce ta bari haka.

Daga nan suka kafa min doka. Safiya tawa ce, tunda ba mai son wanke kashi da fitsari. Rana na karkatawa, sai matar ta fara kaɗa makulli a hannu tana cewa, "Inna, kada dare ya yi miki."

Sun ce ba ta riƙewa. To ni da nake cuɗa mata baya na ga inda take riƙewa. Ta fara barin abincin rana. In na kai cokali bakinta ta kawar da kai ta ce cikinta a cike yake. Haƙarƙarinta suka fito ana iya ƙirgawa. Da inuwar taga ta fara hawa bango, sai ta kama bakin zanena.

"Ƙarama," haka take kirana tun ina yarinya, "wani abu zai faru."

"Me zai faru, Yaya?"

"Ban sani ba. Gabana ne ke faɗuwa."

Wata safiya na sami kofin Baba Tela a ƙarƙashin matashinta, ta naɗe shi da ɗankwali. Wata safiya kuma na tarar da kujerar falo a jiƙe, an juya matashin kawai an bar shi, ɗakin yana zarni, an fesa turaren da ake talla a kai. Matar da a zamaninta ko tsinke ba ya kwana a tsakar ɗakinta. Na nuna wa Auta, ya ce, "Tsufa ne, Inna. Ciwon ne yake ci gaba. Likita ma ya ce haka zai yi ta yi." Na ce ya gaya wa likitan abin da suke yi da yamma? Ya ce yana sauri, yana da wanda zai gani.

In ya shigo ɗaki da rana, Yaya sai ta matsa jikin bango. Ba ta gane shi, amma ba ta son inda yake. Shi kuwa ya ce wa masu kallonsa, cikin rawar murya, babu abin da ya kai ciwon uwa ta manta ɗanta.

Ido ba ya ƙoshi. Bayan 'yan watanni masu kallon suka fara gundura, kuka iri ɗaya kullum. Sai aka fara ƙara gishiri. Aka ciro hular Baba Tela daga akwati aka ɗora mata a cinya. Aka rataya mata tef ɗinsa na awo a wuya. Aka sa ta ba da labarin ranar da suka fara haɗuwa, a bar ta sai ta kai inda take dariya tana rufe baki, sannan a faɗa mata.

Na ƙarshen da suka ɗauka ban so in gani ba, amma mutum uku suka turo wa maƙwabciyata, ita kuma ta kawo min har ɗaki. Auta ya tono wani tsohon saƙon murya da ubansa ya taɓa aika masa. Matar ta ɓuya a bayan labulen ƙofa ta kunna. Muryar Baba Tela ta cika falon, da ɗan tarin nan nasa: "Ga ni nan a hanya, a ajiye min shayina."

Yaya, wadda sai na tallafe ta take miƙewa, ta tashi da kanta. Fuskarta ta washe, ta gyara ɗaurin ɗankwali da yatsu biyu kamar yarinya, ta ɗauki kofi hannu bibbiyu ta nufi ƙofa tana cewa, "Sannu da zuwa, Malam, har ya fara hucewa." Ta ɗaga labule. Ta tarar da surukarta a tsugune da waya a hannu.

Auta ya zo ta bayanta ya dafa ta, ya faɗi abin da ya saba faɗa.

Ba ta yi kuka ba. Ta dube shi, ta dubi labulen, ta koma ta zauna da kofin a hannu. Ya maimaita, ya ƙara da cewa an binne shi, ya daɗe a ƙasa. Ta ƙura wa fitilar ido har suka gaji suka kashe.

Tun daga ranar ba ta sake yi musu kuka ba. Masu kallo suka fusata kamar an cuce su. Wani ya rubuta dama shiri ne. Wata ta ce tsohuwar ta daina daɗi. Waɗanda suka yi ta rubuta Allah sarki, Allah sarki, suka watse ɗaya bayan ɗaya zuwa wasu gidajen.

Ana cikin haka matar Auta ta samu ciki. Ba a yi sati ba ya kira ni, murya kamar zuma.

"Inna, mun yi shawara. Kin fi mu sanin hannun Umma. Ko za ta ɗan zo wajenki ta huta? Dama muna so mu yi wa ɗakinta fenti."

Ɗakin jariri za a yi, har sun raɗa wa sabon shirin suna. Na ce ina zuwa. Da na zo, kayanta na ƙulle a buhu biyu a bakin ƙofa, fitila a kunne a tsakar gida da rana tsaka. Auta ya rungume ta yana sheshsheƙa, ido a bushe ƙamas, yana cewa wannan ce rana mafi wuya a rayuwarsa. Matar ta ce haske bai yi ba, a sake. Ya sake.

Na ce abu ɗaya nake so, talabijin ɗinta. Suka dubi juna suna dariya. Yana bayan ƙofar kicin, an kifa masa bokitin goge-goge a ka. Na ɗauka da kaina.

Ku da kuka kalla, da ku nake. Kun ce talabijin ya tsufa, ƙarya ce a ciki, ku na gaske kuke so. To masu kuka a cikin akwatin can aikinsu ke nan, in an gama su wanke fuska su tafi gida wurin 'ya'yansu. Wannan da kuka zauna kuna kallo da kwanon abinci a cinya, ba inda za ta tafi. Mijinta ne, kuma kowace yamma ranar farko ce a wurinta. Ba wanda ya tambayi kansa, wane irin ɗa ne yake jira masu kallo su cika kafin ya faɗa wa uwarsa mutuwa? Kun yi kuka, kun ji zuciyarku ta yi sanyi, kun ce ku masu tausayi ne, kun matsa gaba da yatsa ɗaya. Auta ya sayar, amma ba shi kaɗai ya ci kasuwar ba. Allah wadai.

Na kai akwatin wurin mai gyara, na sa aka ɗaura min eriya a kan rufi. Na ajiye shi a kan tebur daidai tsayin da ta saba, na jawo mata kujera mai hannu. Sai da na bari ta yi kwanaki tana ɗan cin abinci, kumatunta suka fara dawowa. Ran nan da yamma na yi mata wanka, na ɗaura mata ɗankwalinta mai kyau, na dafa shayi na zuba a kofi mai karyayyen hannu. Raina fari tas, na ce yau zan mayar mata da abinta.

Na kunna. Haske ya faɗo mata a fuska. Mai karanta labarai ya yi sallama.

Ba ta amsa ba, ba ta ja mayafi ba. Ta miƙe zaune tsaf, ta haɗe gwiwa, ta ɗora hannu biyu a kai, ta juyo gare ni.

"To ku faɗa," ta ce. "Ku faɗa da wuri a gama."

Na ce, "Faɗa me, Yaya? Labarai ne. Malam yana shago, ɗinki ya yi masa yawa."

Ta girgiza kai a hankali, kamar mai tausayin yaron da bai iya ƙarya ba.

"A'a, Ƙarama. An kunna fitila. In an kunna, ya mutu ke nan."

Na kashe. Na yafa wa akwatin tsohon zane, yana nan a rufe har yau.

Yanzu in yamma ta yi, a duhu muke zama ni da ita. Ko ƙwan ɗaki ba na kunnawa sai ta yi barci. Ba ta san sunana na gaskiya ba, ba ta san ta haifi ɗa ba, ba ta san gidan wa take ba. Matar da suka ce ba ta riƙe komai, abu ɗaya ta riƙe, wanda suka koya mata. Ba ta sake tambaya ko Malam ya shigo ba.

Jiya na koma kemis ɗin nan. Wata yarinya a layi tana kallon bidiyon labulen nan a wayarta, ashe har yanzu yana yawo. Ta share hawaye da bayan hannu, ta mayar da shi farko.